FUSKAR GIDA: YADDA ZA A ƘAWATA GIDAN SIMINTI A BIRNIN ZARIYA

Jawabin da Jami'in Watsa Labaru ya yi wa masu unguwanni da magina da magidanta a cikin birnin Zariya



Kafin in ce kome sai in nemi gafara. A cikin taron nan akwai dattawan da suka fara ɗora tubali tun ba a haifi mahaifina ba, ga shi kuwa yaro aka turo ya yi musu maganar gini. To, ni ɗan aike ne, kuma yawancin abin da zan faɗa daga bakinku na tsinto shi, sa'ad da na ke zagaya unguwanni ina tambaya. In na yi daidai, naku ne. In na yi kuskure, ga masu gyara nan zaune.

Maganar da ta tara mu ita ce ta gidajen nan na bulo marasa bene, masu ruwan toka, waɗanda yanzu suka fi yawa a lungunanmu. Bari in fara da abin da ya faru gare ni. Kwanan baya wani abokina ya zo daga Katsina domin bikin ƙanena. Na yi masa kwatance, na ce ya shigo ta Ƙofar Doka, in ya kai lungu kaza ya duba gida mai ruwan toka da baƙin ƙyaure. Bawan Allah ya shiga lungun, ya ƙirga gida bakwai masu wannan kama, ya yi sallama a uku ba a san shi ba, sai da na fita na nemo shi. Da na ba kakata labari sai ta yi dariya, ta ce a zamaninsu ba a ɓata haka, gama gidanmu sunansa gidan mai keke, saboda keken da magini ya zana bisa ƙofar zaure, na maƙwabcinmu kuwa mai takobi. Kowane gida da fuskarsa, kamar yadda kowane mutum ya ke da tasa.

ABIN DA MUKA GADA

Duk ƙasar Hausa an san Zazzau da gini. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Jumma'a na birnin nan, da ƙasa da azara kaɗai, ya ɗaga bakan gizo wanda masanan gini na ƙasashen duniya suka riƙa zuwa kallo. A cikin shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare. A gidan tarihi na Jos kuwa an gina kwatankwacinsa, domin na baya su ga yadda ya ke.

Gwanintar nan ba ta tsaya a masallaci da fada ba, ta fito har ƙofar gidan attajiri da malami da mai sana'a. Tun da ya ke gidan Bahaushe ba ya nuna cikinsa ga mai wucewa, sai aka tara ado duka a fuskar zaure. Iri uku magina su ke yi. Akwai zanen da a ke ɗorawa da hannu tun ƙasa tana ɗanya, ya fito tudu-tudu. Akwai wanda a ke yankawa cikin yaɓe da wuƙa ko ƙusa. Akwai kuma wanda a ke shafawa da launi bisa farar ƙasa. Galibin zanen dagi ne da sarƙa da ganye, irin wanda a ke gani a wuyan riga da aikin dukanci, da allo da takobi. Da zamani ya juya sai magina suka ƙara da abin da idonsu ya gani, watau keke da mota da agogo da jirgin sama. Sama da wannan duka ga zankwaye a kusurwoyin soro, ga indararo yana zubar da ruwa nesa da bango.

Kayan aikin ma duk na gida ne. Makuba daga ɓawon ɗorawa a ke samunta. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Ku duba yadda sana'a uku ta ke haɗuwa a bango ɗaya.

Baƙi sun ga darajar abin nan. Wani Bature, Kirk-Greene, wanda ya koyar a Makarantar Koyon Mulki ta Kongo, ya buga ɗan littafi a 1963 a kan gidajen Zariya masu zane. Wani Bajamushe kuma, Schwerdtfeger, ya yi shekaru yana bin lungunanmu yana ɗaukar hoto, yana tambayar magina, ya fitar da babban littafi a 2007. Da yawa daga cikin zaurukan da suka ɗauka yau babu su sai a takarda.

YADDA TOKA TA SHIGO GARI

Kada wani ya zaci na zo zagin siminti ne. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Zariya ta kai Kano a 1911, kwano da siminti suka fara samun hanyar zuwa Arewa. An buɗe masana'antar siminti a Nkalagu a 1957, ta Sakkwato kuma ta fara aiki a 1967. Sa'an nan kuɗin man fetur da na Udoji suka zo a tsakiyar shekarun 1970, kowa ya ga ya huta da yaɓen soro kowace shekara. Wanda ya taɓa kwana yana tara ƙwarya ƙarƙashin yoyo ba zai ga laifin mai rufa kwano ba.

Abin lura shi ne, sa'ad da siminti ya fara shigowa bai kashe zane ba. Maginan wancan lokaci karɓarsa suka yi, suka riƙa yanka dagi a cikinsa, har zanen ya fi na ƙasa daɗewa. Daga baya ne aka raba aikin. Mai gida ya kira birkila ya jera bulo, ya shafe, kuɗi suka ƙare, aka ce ado sai an samu hali. Halin kuwa ba ya zuwa, gama ga kuɗin makaranta, ga aurarwa, ga cefane. Haka bango zai zauna shekara ashirin da tokarsa, gindinsa ya yi kore, samansa ya yi baƙin zirin ruwa.

Saboda haka abin da na zo faɗa guda ɗaya ne: adon gidan siminti a ranar yaɓe a ke yinsa, kuma a wannan rana ba ya cin kuɗin kirki. In an bari ranar ta wuce, sai dai fenti mai tsada. Amma kafin ado akwai abin da ya riga shi.

A FARA DA RUWA

Zariya takan sami ruwan sama kimanin inci 40 a shekara, watau wajen milimita 1,000, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma a watan Agusta ya fi ƙarfi. Hadarinmu daga gabas ya ke tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas ya ke riga sauran lalacewa. Kome kyaun zane, in ruwa yana bin bayansa, ba zai ga damina uku ba.

Na farko, bakin kwano ya zarce bango da ƙafa 2, ko fiye, domin ruwan da ya sauko ya faɗi nesa. Wanda ya fi son ya ɗaga bango ya ɓoye kwanon, kamar yadda a ke yayi yanzu, to ya sani ya gina magudana a kan ɗakinsa. Lalle ne ya sa indararo mai faɗi, mai tsawon da zai jefa ruwa ƙafa 2 daga bango, ya kuma hau ya kwashe ganye da leda kafin ruwan fari. Saman bangon kuma a yi masa hula mai ɗan gangare, da leɓe wanda ya fito inci 2, don kada ruwa ya bi fuskar bango ya bar baƙin ziri.

Na biyu, gindin bango. Ruwan da ya bugi ƙasa yakan yi tsalle ya watsa wa bango jar laka har tsawon gwiwa. Maganinsa dakali ne, ko ɗan daɓen siminti mai gangarowa waje. Kwatar da ta fito daga cikin gida kuma kada a bar ta ta bi gindin katanga. A gina mata hanya ta kai lambatu. Wannan ya tsare bango daga laima, ya kuma rage sauro.

ZANE TUN YAƁE YANA ƊANYE

Ba gida duka za a zana ba. Kakanninmu ma ba su yi haka ba. Wuri uku sun isa: kewayen ƙofar zaure, da goshin bango daga sama, da kewayen taga in akwai. Sauran bango a bar shi fili, gama zane yana bukatar sarari kafin ido ya gan shi.

Ga lissafi mai sauƙi. Fuskar zaure mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 10, in an yaɓe ta kaurin rabin inci, da kwanon siminti 1 cikin kwanon yashi 5, buhu ɗaya mai kilo 50 ya kusa isa. In aka ƙara buhu na biyu, ya ishi zanen tudu har da saura. Watau tsakanin gida mai fuska da gida marar fuska, buhun siminti ɗaya ne da ladan magini na kwana ɗaya ko biyu. Zanen yanka kuwa ko buhun ba ya bukata, sai wuƙa da hannun da ya iya.

Yashin ya zama mai tsabta, a tankaɗe shi, kada a bar laka ko ciyawa a ciki. A jiƙa bulo kafin a yaɓa. In zanen yanka za a yi, sai a jira yaɓe ya fara kamewa amma bai bushe ba, yadda yatsa zai bar ɗan gurbi kaɗan, sa'an nan a yanka. Kada a yanka har a taɓo bulo, domin nan ruwa zai shiga. In na tudu ne, sai a fara shata zanen da ƙusa, a karce wurin don ya yi kaushi, a ɗora kwaɓi mai ɗan ƙarfi, watau 1 cikin 4, kaɗan-kaɗan, kada tudun ya wuce inci ɗaya. Wanda hannunsa bai faɗa ba yana iya yanka siffar a jikin kwali ya ɗora ya bi, ta haka dagin hagu da na dama za su zo daidai.

Bayan an gama sai shayarwa. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne. A yayyafa masa safe da yamma har kwana 7. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hunturu ya kankama, gama iskar hunturu tana shanye ruwan yaɓe da sauri, ya tsattsage kamar bayan kunkuru.

Zankwaye ma ba su gagari bulo ba. Birkila yana iya ɗaga su a kusurwoyi biyu na zaure da guntayen bulo, ya shafe su su yi tsini. Biyu ko huɗu sun isa. Da zarar an gan su daga nesa an san gidan Bazazzagi ne.

MAGANAR LAUNI

Ruwan toka ba aibi ba ne. Yana da wata fa'ida wadda fari ba shi da ita, watau ƙurar hunturu ba ta tona masa asiri. Abin da ya rasa shi ne abokin zama. Shawarata ita ce a bar toka ta zama shimfiɗa, a ƙara mata launi biyu kawai.

Na ɗaya fari, a kan zane da kewayen ƙofa da taga da zankwaye. Farar ƙasa ta isa, tana da araha, kuma ana iya sabunta ta kowace shekara gab da Salla. Na biyu jan ƙasa ko makuba-makuba, a gindin bango, daga ƙasa zuwa ƙafa 2 ko 3. Tun da lakar da ruwa ke watsawa ja ce, sai ta ɓace a ciki. Akwai garin launi da a ke sayarwa wanda a ke kwaɓawa tare da siminti. Irin wannan ba ya ɓarewa, domin launin yana cikin jikin yaɓen. Ƙyauren kuwa, maimakon baƙi wanda kowa ya ke shafawa, me zai hana shuɗi irin na baba? Toka da shuɗi suna zama lafiya, kuma launi ne na marinar garinmu.

Sai a kiyaye abu uku. Kada a shafa fenti kan sabon yaɓe sai ya yi mako 4, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare. Kada a sa fentin mai a bangon waje, domin yana tsare laima a ciki. Fentin mai na ƙarfe ne da katako, bango kuwa sai na ruwa ko farar ƙasa. Sa'an nan kada a shafa launi mai duhu a bangon yamma. Abu mai duhu yana shan zafin rana, mai haske yana mayar da shi, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin yamma a watan Afrilu ya san bango yakan riƙe zafi har tsakar dare.

Na ga yanzu ana yayin manna tayil a fuskar gida. Mai hali ba a hana shi ba. Amma ya sani kuɗinsa ya ninka na zane, in ruwa ya shiga bayansa ɗaya bayan ɗaya zai riƙa faɗowa, kuma a Legas aka ga irinsa, a Fatakwal ma haka, ba ya faɗa wa baƙo garin da ya shigo.

ƘOFAR GIDA DA HAƘƘIN LUNGU

Dakali ado ne, kuma wurin zama ne. Nan dattijo ke shan iska da la'asar, nan almajiri ke jiran sadaka. Tsayin ƙafa ɗaya da rabi ya isa. Amma iyayena masu unguwanni sun fi ni sanin yawan ƙarar da a ke kawo musu saboda dakali da matakala da suka ci hanya. Lungunan birni ƙunci gare su tun asali. Ma'aunin da na ji daga bakin wani dattijo shi ne, a bar hanyar da mutum huɗu za su wuce da makara ba tare da sun karkata ba. Kowa kuwa zai bi hanyar nan wata rana. Wanda zai yi sabon gini ko ya matso da katanga, ya nemi izinin hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, watau KASUPDA, tun bai zuba kuɗinsa ba.

Inda akwai fili, itace guda a ƙofar gida ya fi kowane fenti. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, tana jure fari, tana ba da inuwa duk shekara. Sai dai a nisanta ta daga bango kamar ƙafa 15, saboda saiwarta. Inda lungu ya matse, a haƙura.

GARGAƊI GA MASU TSOHON SORO

Wannan sashe shi ya fi damuna, gama rai yana ciki. Mutane da yawa, don son gidansu na ƙasa ya yi kama da na bulo, sukan lulluɓe shi da siminti. Haka aka yi wa zauren kakana, mai keken nan. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa. Siminti kuwa ba ya motsi. Da ya tsage ko kamar gashi, sai ruwa ya shiga ya kasa fita, ƙasar ta jiƙe daga ciki, gara ta sami mafaka, mai gida kuwa yana ganin bango sumul yana zaton lafiya. Namu a cikin wata damina, da asuba, fuskar ta zubo gaba ɗaya bisa dakali. Allah ya kiyaye, sa'a guda ta rage yara su fito su zauna a wurin.

Tsofaffin magina da suka yi zanen siminti bisa ƙasa sukan kafa tsakuwa a jikin bangon don simintin ya sami abin kamawa, kuma ba su daina dubawa ba. Saboda haka duk mai irin wannan bango, kafin damina ya ƙwanƙwasa shi da sanda. Inda ya ji yana amsawa kamar ƙwarya, yaɓen ya rabu da bango, sai a sauke shi tun bai sauko da kansa ba. Soron da har yanzu ya ke da yaɓensa na ƙasa kuwa, a ci gaba da ba shi abin da ya saba da shi, watau ƙasa da makuba. A Damagaram, cikin unguwar Birni, har yau akwai zauruka masu zane suna tsaye. Agadas kuma, saboda ta riƙe gininta na ƙasa, an sa ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ba su fi mu magina ba.

ROƘO

Zan rufe da roƙo uku. Ga magidanta: duk wanda zai yi yaɓe bana, ya ware buhu ɗaya domin fuskar zaurensa, ya kuma nemi tsohon magini ya tsaya tare da birkila. Ga iyayena magina: waɗanda suka iya dagi da hannu sun ragu, kuma yawancinsu furfura ta kama su. Abin da ke cikin hannu ba ya shiga takardar gado. Kowannenku ya ɗauki yaro ko biyu, ko da ba ɗansa ba ne, ya nuna masa. Samari kuma kada su raina aikin, gama in magidanta suka fara nema, sana'a ce mai ci da mutum. Ga masu unguwanni: in kun ji za a rushe tsohon zaure mai zane, ku sa a ɗauki hotonsa da waya tukuna, a rubuta sunan unguwa da na maginin in an sani, domin mai sabon gini ya sami abin koyi.

Na ce a bara mun sake gina zaurenmu da bulo. Tsohon da ya yi mana zanen, hannunsa yana rawa, amma da ya kama wuƙa sai rawar ta tsaya. Ya mayar mana da keken bisa ƙofa. Kakata ta fito da sandarta ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce tayar baya ta fi ta dā girma.

 Wanda ya ke da tambaya ko gyara, ga ni nan ban tashi ba. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.